Me ya hana layin gaban Steelers buɗe wa masu gudu hanya: tsarin tarewa ne, ko kociyoyi, ko 'yan wasan?

Mai_Tawul ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar ƙwallon Amurka. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin aikin 'yan layin gaba, wato mutum biyar ɗin da ke tare masu tsaro don buɗe wa mai gudu hanya, domin yadda ƙungiyarmu Pittsburgh Steelers ta ƙare kakar 2024 ya ɗaure mini kai. A farkon Disamba ƙungiyar tana da nasara 10 da faɗuwa 3, sai ta sha kashi sau huɗu a jere a hannun Eagles da Ravens da Chiefs da Bengals, sannan ranar 11 ga Janairun 2025 ta koma Baltimore, gidan Ravens, wasan sili-ɗaya-ƙwale aka doke ta da 28 da 14. A wannan wasan Ravens sun yi gudun yadi 299, mai gudunsu Derrick Henry shi kaɗai ya kwashi 186, kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an yi mana 21 ba ko ɗaya, alhali namu masu gudun ba su tsinana abin kirki ba. Mu da muke Najeriya sai ƙarfe biyun dare aka fara wasan, saboda haka ku yi mini uzuri idan akwai zafi a maganata.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasa guda da nake ta ganin ana maimaitawa tun watan Satumba. Za a jefa wa mai gudunmu Najee Harris ƙwallo ta gefe, 'yan layi duka su karkata zuwa wannan gefen, shi kuma ya yi ta gudu a kwance yana neman kafa, kafin ya miƙar da kafaɗunsa gaba wani ɗan tsaro ya riga ya ɓullo ta tsakiya ya kayar da shi a bayan layi. Mutum ne mai nauyin da ya haura kilo 100, wanda ƙarfinsa yake a turo gaba, amma an mayar da shi mai zagaye. An kori mai tsara hari Matt Canada a Nuwamban 2023, an kawo Arthur Smith a wannan muƙamin a 2024 da sunan gwanin tsara gudu, an kashe zaɓin zagayen farko na sabbin 'yan wasa shekara biyu a jere a kan takul (masu tsayawa a ƙarshen layi, hagu da dama), wato Broderick Jones da Troy Fautanu, amma duk lokacin da ake bukatar yadi ɗaya tak don a ci gaba da riƙe ƙwallo sai gaban mai goyon baya ya faɗi.

Tambayata ita ce, ina matsalar take? Tsarin tarewar ne bai dace da mutanen da muke da su ba, ko kocin layi Pat Meyer ne ya kasa koyar da shi, ko Harris ne ba ya ganin hanya, ko kuwa dai a daina kewaye-kewaye a kira sunan babban koci Mike Tomlin?

Kocin_Yara ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Mai_Tawul. Ina taimakawa wajen horar da 'yan layi a wata makarantar sakandare a nan jihar Ohio, saboda haka bari in fara da bayanin abin da kake gani, domin ba za a gane wanda ya yi laifi ba sai an san aikin da aka ba kowa.

Hanyoyin tare wa mai gudu manya guda biyu ne. Na farko shi ne tsarin yanki, wanda Arthur Smith ya fi so. A nan ba a ce wa ɗan layi ga mutumin da za ka tare ba, ana ba shi yanki ne, duk wanda ya shigo yankin nasa ne. Da zarar santa, wato na tsakiyar layi, ya miƙa ƙwallo, mutum biyar ɗin nan sukan ɗaga ƙafa ɗaya a lokaci ɗaya zuwa gefe ɗaya. Santa da ɗaya daga cikin gadi biyun da ke tsaye hagu da damansa su haɗu a kan ƙaton da ke gabansu, su tura shi tare taku biyu ko uku, sannan ɗaya ya karɓe shi gaba ɗaya, ɗayan ya sake shi ya haura ya tarbi layinbaka, wato ɗan tsaron da ke tsayawa a bayan sahun farko na masu tsaro. Mai gudu kuma yana nufar gefen layin, idonsa a kan ɗan tsaron ƙarshe: idan an rufe shi ciki sai ya fita waje, idan ya tsere waje sai ya dasa ƙafa ya yanka ciki, sau ɗaya tak, ba tare da rawa ba. Wannan shi ne abin da Alex Gibbs ya koyar a Denver Broncos ƙarƙashin Mike Shanahan, har Terrell Davis ya yi yadi 2,008 a kakar 1998, kuma da irinsa ne Henry ya yi yadi 2,027 a Tennessee a 2020 lokacin da Smith yake tsara musu hari.

Na biyu shi ne tsarin rata, wanda tsofaffin magoya bayan Pittsburgh suka tashi suna gani. A nan an riga an zaɓi ramin da za a bi tun kafin a fara. 'Yan layin gefen da za a bi su danne mutanensu zuwa ciki, gadin ɗaya gefen ya janye daga wurinsa ya zagayo ta bayan santa a guje, ya shiga ramin ya yi karo da duk wanda ya tarar, mai gudu na biye da shi. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na Super Bowl a Detroit a Fabrairun 2006 zai tuna yadda Alan Faneca ya taso daga hagu ya zagayo dama ya share layinbakan Seattle, Willie Parker ya bi ta wurin ya yi yadi 75 bai waiwaya ba.

Bambancin da ya shafe mu shi ne, tsarin yanki ba ya yafe kuskuren mutum ɗaya. Idan gadi ya saki ƙaton da wuri kafin santa ya kama shi sosai, ƙaton zai ratsa tsakiya, kuma wannan ne ainihin hoton da ka kwatanta na mutumin da yake kayar da Harris a bayan layi. Idan kuma ya makara wajen sakin, layinbaka zai riga shi isa ramin. Wannan sanin lokacin ba ya samuwa sai mutum biyu sun daɗe suna wasa kafaɗa da kafaɗa, har kowa ya san nauyin turin ɗan'uwansa ba tare da magana ba. Ka duba layin da muka yi kakar da shi: Zach Frazier sabon shiga ne a santa, Mason McCormick sabon shiga ne a gadin dama, Jones kuma yana takul na dama alhali a jami'ar Georgia hagu ya saba. Frazier da McCormick da gadin hagu Isaac Seumalo mutane ne masu son su kama mutum su ture shi gaba, ga kuma Darnell Washington, wanda girmansa ya kusa na takul, a gefen layi. A ganina an ba ƙarfafan mutane aikin masu sauri, aka kuma ba mai gudun da ya fi dacewa da tsarin rata aikin yanka-sau-ɗaya. Ba tsarin ne ba shi da kyau ba, mutanen da aka ɗora wa shi ne ba nasa ba, kuma kocin da ya ga haka har tsawon wata huɗu bai rage yawan kiran wasan ba shi ma yana da amsar da zai bayar.

Bakatsine ya rubuta:

Malam Kocin_Yara, bayaninka ya gamsar, amma ina ganin an yi wa Smith rashin adalci idan ba a ambaci raunuka ba. Nate Herbig, wanda ake sa ran zai fara a santa, ya ji rauni a kafaɗa tun a watan Agusta. Seumalo bai buga wasanni huɗun farko ba. Fautanu ya buga wasa ɗaya kacal ya gurɗe a gwiwa, James Daniels kuma, wanda yake kan ganiyarsa a gadin dama, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a mako na huɗu. Babu kocin da zai rasa mutane haka a layi ɗaya sannan a ce tsarinsa ya tafi yadda ya zana shi a allo.

Na biyu kuma, a daina kare Harris. Gaskiya ne ya haura yadi 1,000 a kowace kaka cikin huɗun da ya yi, kuma bai taɓa fashin wasa ba, wannan abin yabo ne. Amma matsakaicin abin da yake samu a gudu ɗaya yana nan a wajen yadi 4 tun 2021, ƙarƙashin Canada da ƙarƙashin Smith duka. A kakar 2023, bayan layi ɗaya da koci ɗaya, Jaylen Warren, wanda ba a ma zaɓe shi ba lokacin ɗaukar sabbin 'yan wasa, ya riƙa samun sama da yadi 5 a gudu ɗaya. Hukumar ƙungiyar da kanta ta ƙi sabunta wa Harris shekara ta biyar a kwantiraginsa, kuma ba a banza ta yi haka ba. Sau da yawa hanyar tana buɗewa na ɗan ƙiftawar ido, shi kuma yana can yana taka-tsantsan.

Hajiya_ta_Allegheny ta rubuta:

Sallama gare ku duka. Ina zaune a Pittsburgh tun zamanin da Le'Veon Bell yake gudu a nan, kuma ina so in ja hankalinku baya kaɗan, domin wannan ciwon ya girmi Smith, ya kuma girmi Canada.

Ɗan'uwa Bakatsine ya zargi Harris da taka-tsantsan a bayan layi, to ai babu mai gudun da ya kai Bell tsayawa. Yakan karɓi ƙwallo ya kusan tsayawa cak, ya ɗora hannu a bayan gadinsa yana jira, sai ramin ya buɗe sannan ya kutsa. Da wannan salon ya yi yadi 167 a kan Miami da 170 a kan Kansas City a Janairun 2017, kuma wannan wasan na Kansas City, wanda aka ci 18 da 16, shi ne nasararmu ta ƙarshe a wasannin sili-ɗaya-ƙwale har zuwa ƙarshen kakar 2024. Abin da ya ba shi damar jira shi ne mutanen da ke gabansa suna riƙe nasu har sai ya gama shawara: Maurkice Pouncey a tsakiya, David DeCastro da Ramon Foster a gefensa, Alejandro Villanueva a hagu. Wanda ya haɗa su kuwa shi ne Mike Munchak, tsohon gadin Houston Oilers da ya shiga zauren girmamawa na gwarazan wasan, wanda ya riƙe layinmu daga 2014 zuwa 2018. Villanueva tsohon sojan Amurka ne da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, wanda ma a ɓangaren tsaro Eagles suka gwada shi suka sallame shi, amma a hannun Munchak ya zama takul ɗin da ake zaɓa cikin fitattun kaka.

Munchak ya tafi Denver a farkon 2019, kuma tun daga ranar ku lissafa abin da ya biyo baya. Shaun Sarrett ya karɓa, a kakar 2020 muka zo na ƙarshe a duk gasar wajen yadin gudu. Adrian Klemm ya karɓa a 2021, bai ma ƙarasa kakar ba ya tafi jami'ar Oregon. Meyer ya zo a 2022. A cikin wannan tsakanin Pouncey ya yi ritaya, aka sallami DeCastro, Villanueva ya koma Baltimore, duk a shekarar 2021, kuma maimakon a fara gina layi sai aka ɗauki Harris a zagayen farko, aka bar Creed Humphrey ya wuce Kansas City ta ɗauke shi a zagaye na biyu, aka kawo Kendrick Green, wanda gadi ya fi bugawa a jami'a, aka ce ya gaji Pouncey a santa. An sayi doki kafin a gina masa turke.

Abin da nake so a tambaya game da Meyer abu ɗaya ne: wane matashi ne ya shigo hannunsa ya fita ya fi yadda ya shigo? Frazier ya zo da iyawarsa daga West Virginia. Jones kuwa, wanda aka hau sama aka ɗauka a lamba ta 14 a 2023, aka zaunar da Chukwuma Okorafor a benci dominsa, a shekararsa ta biyu ya fi ta farko yawan laifuffuka da rikicewa. Ku kwatanta da Philadelphia, a wancan gefen wannan jihar tamu, inda Jeff Stoutland ya riƙe layin Eagles tun daga 2013, kociyoyi manya suka riƙa zuwa suna tafiya shi yana nan. Ya ɗauki Jordan Mailata, ɗan wasan rugby daga Ostareliya wanda bai taɓa buga wannan wasan ba aka zaɓe shi a zagaye na bakwai a 2018, ya mayar da shi ɗaya daga cikin manyan takul na gasar, kuma a bayan wannan layin ne Saquon Barkley ya yi yadi 2,005 a kakar 2024. Raunuka gaskiya ne, ban musa ba, amma kowace ƙungiya tana samunsu, kuma aikin kocin layi shi ne mutum na shida da na bakwai su kasance a shirye.

Akwai kuma abin da ban ga an cika faɗa ba. Lokacin da aka ɗauki Smith, ba shi ya zo da kocin layinsa ba, Meyer ya tarar. Mai tsara hari da mai koyar da takun ƙafa ya kamata su zama 'yan makaranta ɗaya, kamar yadda Shanahan da Gibbs suke. Wanda ya yanke shawarar haɗa su haka shi ne Tomlin.

Ɗan_Kumasi_a_Bronx ya rubuta:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan layi, ni kuma zan ƙara da abin da ke faruwa kafin a miƙa ƙwallo, domin 'yan layi biyar ba za su iya tare mutum takwas ba ko da Munchak ne ya dawo. Masu tsaro suna cika gaban layinmu ne saboda ba sa tsoron jifa ta tsakiyar fili. Mai jifarmu Russell Wilson ya fi son dogon jifa ta gefe zuwa ga George Pickens, ko kuma gajere a kusa, tsakiya kuwa a bar ta fayau. Saboda haka layinbaka ba shi da dalilin ja da baya, yana ganin 'yan layi sun karkata sai ya taho da gudu. Tsarin yanki a wurin Mike Shanahan da ɗansa Kyle yana tafiya ne tare da yaudara: a yi kamar za a miƙa wa mai gudu, layinbaka ya taho, a jefa ƙwallo a daidai wurin da ya bari. Idan ba a hukunta shi da wannan jifar ba, to zai ci gaba da tahowa har a tashi wasa. Lokacin da Justin Fields ya fara wasanni shidan farko a matsayin mai jifa, aƙalla ɗan tsaron ƙarshe yana tsayawa ya tabbatar ba shi ne zai riƙe ƙwallon ya gudu ba, kuma wannan tsayawar ta rage mutum ɗaya daga cikin masu bin Harris. Ku duba yadda Baltimore ta yi mana da mai jifarta Lamar Jackson da Henry: rabin lokaci masu tsaronmu ba su san wanda ke riƙe da ƙwallo ba.

Game da korar koci kuwa, mu tuna yadda ta kasance da Canada. An yi ta rera waƙar a kore shi har a filin wasan hokin ƙanƙara na Penguins, inda babu ruwansa. Ranar 19 ga Nuwamban 2023 muka faɗi a Cleveland da 13 da 10, ranar da Warren ya yi gudun yadi 74 ya ci maki amma aka ba shi ƙwallo sau tara kacal, bayan kwana biyu aka sallami Canada, abin da ƙungiyar ba ta yi wa koci a tsakiyar kaka ba tun 1941. Wasan da ya biyo baya a Cincinnati muka yi yadi 421, karon farko da muka kai 400 bayan wasa 58. Kowa ya ce an warke. Ga shi bayan shekara ɗaya da 'yan watanni muna wannan zancen da sabon suna. Daga 1969 zuwa ƙarshen kakar 2024 iyalan Rooney, masu ƙungiyar, manyan kociyoyi uku ne kawai suka yi, Chuck Noll da Bill Cowher da Tomlin, kuma Tomlin bai taɓa ƙare kaka da faɗuwa fiye da nasara ba tun 2007, saboda haka ban ga alamar za su taɓa shi ba. Amma shi ne ya ɗaga Canada daga kocin masu jifa zuwa mai tsara hari, shi ya riƙe shi kusan kaka uku, shi ya zaɓi Sarrett da Klemm da Meyer. Idan an canza mataimaka sau da yawa sakamako bai canza ba, to mai zaɓen mataimakan ya kamata a tambaya.

Mai_Tawul ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Hajiya da malamai. Malam Kocin_Yara, tunda kwantiragin Harris ya ƙare kuma da wuya ya dawo, shin idan aka samo mai gudun da ya saba da tsarin yanki tun daga jami'a, ba shi ke nan an warware rabin matsalar ba? Ko kuwa har yanzu kana ganin tsarin ne ya kamata a sauya?

Kocin_Yara ya rubuta:

Zai taimaka, Malam, kuma a nan na yarda da Bakatsine cewa mai yanka da sauri zai ci wasu ramukan da Harris ya bari suka rufe. Amma mai gudu ba ya gyara mutumin da ya ratso tsakiya kafin ƙwallo ta isa hannunsa, kuma wannan ratsowar ce ta fi kashe mana wasanni a Disamba. Da ni ake tambaya, abu na farko shi ne a mayar da Jones hagu inda ya saba tunda kwantiragin takul na hagu Dan Moore ma ya ƙare, a sa Fautanu a dama idan gwiwarsa ta warke, sannan a bar mutum biyar ɗin nan a wurarensu tun daga sansanin atisaye na Latrobe a watan Yuli, kada a yi ta juya su. Abu na biyu, a gina gudun a kan turin mutum biyu-biyu kai tsaye ta tsakiya da kuma zagayowar gadi, inda Frazier da Seumalo da Washington suka fi ƙarfi, a bar gudun gefe ya zama na sauya salo lokaci-lokaci. Smith ya san waɗannan wasannin, suna cikin littafinsa, yawan kiransu ne bai yi ba.

Idan kana so ka auna da idonka a kakar 2025, ka daina bin ƙwallo da kallo a wasanni biyu ko uku na farko, ka kafa ido a kan Frazier da gadin da ke gefen da aka nufa. Ka duba ko ƙaton da suka haɗu a kansa ya ja baya ko da yadi ɗaya ne, sannan ka duba ko wanda ya sake shi ya isa ga layinbaka kafin layinbakan ya iso layi. Idan abu biyun nan suna faruwa amma gudun bai tafi ba, laifin mai gudu ne. Idan ba sa faruwa har zuwa watan Oktoba da mutum biyar masu lafiya, to zancen Hajiya a kan Meyer ya tabbata, kuma uzurin raunuka ya ƙare.